Ƙafafun da Ba Su Ji Labari Ba

Kakarmu, da muke kira Habboba kamar yadda yaran unguwarmu ta Umbadda suke kiran tasu, ba ta fara tatsuniya sai ta hura gawayi ta aza tukunyar gahawa. Da an idar da magariba sai mu baje a tsakar gida, ni da yayana Adamu da duk ɗan maƙwabcin da ƙamshi ya jawo. Kai, wannan tsohuwa! Da ido da kafaɗa da mafici take ba da labari.

"Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?"

"Mu ne!" Har sai maƙwabta sun ji mu.

Wadda muka fi so ita ce ta maharbin da zaki ya kora. Da ƙyar ya sha, ya faɗo gida ba baka ba kibiya. Mutanen gari suka fita suka kashe zakin, aka shanya fatarsa a kasuwa. Kunnen maharbi ya ji, idonsa ya gani, amma ƙafafunsa ba wanda ya gaya musu. Akuya ta yi tari, sai gudu! Matarsa ta yar da ludayi, sai gudu! A nan Habboba take kwaɗa mafici a faranti, mu watse da ihu da dariya. Adamu ne kullum kan gaba, har ya taɓa kifar da butar alwala.

"Maharbi ya ɗaure ƙafafun da igiya, ya zage su, ya ɓuya a ɗaki don kunya," in ji ta. "Ina! Ba su fasa ba." Daga ƙarshe ya je wajen wata tsohuwa a bakin kogi wadda ta san irin wannan ciwo. Kullum ya zauna ya ba ta labarin ranar kaɗan-kaɗan, ita kuma ta sunkuya ta ce wa ƙafafun, "Zaki ya mutu, ku huta." A haka har ya warke.

Habboba ta rasu kafin yaƙin nan. Adamu ya zama mai walda a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a unguwar Alshajara, a can faɗa ya ritsa da shi. Ya dawo ba ko ƙwarzane, muka yi ta hamdala. Amma da aka sake buɗe warshar, guduma ɗaya aka buga ya tsinci kansa a ƙarƙashin tebur yana rawar jiki. Barci ya gagare shi, yaransa suka koma tsoron tsawarsa. Mai warsha ya ce zai riƙe masa gurbi zuwa Sallah, in bai dawo ba ya ɗauki wani.

An yi addu'a, an sha rubutu. Da na ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai ya harzuƙa.

"Zainabu, mahaukaci kika mai da ni?"

"Haba Yaya," na ce, hawaye na zuba. "Ƙafafunka ne ba su ji labari ba."

Can sai ya yi dariya, irin wadda na manta yana da ita, dariyar ta koma kuka. Washegari na raka shi asibiti a Omdurman. Likita ta ce ciwo ne sananne da ke biyo bayan mummunan firgici, jiki ya ƙi yarda haɗari ya wuce. Ba ragwanci ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ana warkewa. Ina zaune a wurin na yi ta mamakin yadda tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta koya mana wannan muna ta dariya.

Ya yi ta zuwa asibitin, wata rana da daɗi, wata rana ba daɗi. Ana saura kaɗan Sallah ya kira ni da hantsi. Na ɗauka, ban ji komai ba sai ƙarar ƙarfe, kwam, kwam, kwam!

"Yaya, kana ina? Lafiya?"

"Kina ji?" ya ce, yana haki. "Ni ne nake bugawa!"