Bindigar da Kakata Ke Ɗaure Bunsuru

Na soma tara tarkacen yaƙi ne a shekarun farko da aka kai ni koyarwa wata lakwal, makarantar boko, a Mayahi. Idan ruwa ya sauka aka shiga noma, hauya takan tono abubuwa: kan kibiya, tsinin mashi da tsatsa ta cinye, kwanson harsashi da ya yi kore. Iyayen ɗalibaina sun san malamin 'ya'yansu yana son irin waɗannan, sai su riƙo mini ranar kasuwa. Ina jera su cikin wani tsohon akwatin ƙarfe. Matata juji take kiran akwatin, takan ce da hatsi nake tarawa haka, da mun fi kowa rumbu a unguwa.

Wani tsohon maharbi, abokin hirata bayan la'asar, shi ya koya mini sanin bindigogin da. Ta mutanenmu ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna da tsumma da sanda, ƙanƙara ta ƙyasta, wutar ta shiga ta wata 'yar kafa a gindin bututun. Ta Nasara kuwa ta baya ake sa mata harsashi, daga nan ne kwanso ke fitowa. Na haddace duk wannan, amma bindiga ko rabi ban da ita.

Da hutun damina na tafi gaida kakata, uwar mahaifina, a ƙauyenmu da ke kusa da Korgom. Tun ina ƙarami take kirana maigida, ni kuma in ce mata amarya, kuma ba mu taɓa zama ba tare da ta tuhume ni da rashin kawo cefane ba. Ina shan furar da ta dama mini sai idona ya sauka kan turken da take ɗaure wani jan bunsuru. Turken ƙarfe ne, baƙi, mai rami a tsakiya. Na ajiye ludayi na je na tsuguna, na share ƙasar gindinsa da hannu. Can ƙasa na ga 'yar kafar nan da maharbi ya faɗa mini.

Na ce, “Amarya, kin san abin da kike ɗaure bunsuru a kai?”

Ta ce, “Turke.”

“Bututun bindiga ne. Ya girme ki.”

“To ka gaishe shi, tunda babba ne.”

Na roƙe ta ta ba ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce tun da ta zo gidan nan turken ke riƙe mata dabbobi, bai taɓa ce mata ya gaji ba, ba kamar wani maigidan da sai shekara ta zagayo ake ganin ƙeyarsa ba. Na tambaye ta inda aka samo shi. Ta ce kakan mijinta ne ya ƙwace shi daga hannun wani mayaƙi a bakin rijiya, lokacin da ake gudun yaƙi. Da yamma na sake tambaya don in riƙe labarin da kyau, sai ta ce wani maƙeri ne ya ba surukarta a matsayin tukuicin daddawa. Washegari ta ce ita da kanta ta tsince shi a gona tana roron wake. Na ce wanne ne gaskiya. Ta ce duk wanda ya fi yi mini daɗi.

Daga ƙarshe ta sa sharaɗi: in kawo turken da zai riƙe bunsurun, ta ba ni nata. Na ari gatari na sari reshen aduwa, na feƙe shi, na kafa har sai da tafin hannuna ya yi kanta. Kafin azahar bunsuru ya tuge shi, ya ja abinsa ya shiga gidan maƙwabciya ya sauke mata faifan kuɓewa da ta shanya. Ni aka tura ba da haƙuri. Da na dawo na tarar da ƙasar ramin a jiƙe sharaf, ga buta kusa da tabarmar kakata.

Na ce, “Wa ya zuba ruwa a nan?”

Ta ce, “Alwala na yi. Ko ita ma sai na nemi izininka?”

Haka na koma Mayahi hannu wofi. Bayan mako biyu na sake cika moto, babur ɗina, da isansi na dawo da wani guntun ƙarfen amalanke mai kauri da na samo wurin masu walda. Wannan ko raƙumi ba ya tuge shi. Ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa da sandarta, ta ce ƙarfen yana da kyau, sai dai bunsurun bai san shi ba, in bar shi su saba tukuna. Na bari. Zuwa na gaba ta ce ranar ba ta da kyau ga tuge turke. Wanda ya biyo baya kuma ta ce ta yi mafarki mijinta yana tambayarta ina turkensa. A kowane zuwa sai na gyara mata danga, ko na kai ta gaisuwar rasuwa a bayan moto, tana riƙe da rigata tana faɗa wa duk wanda muka wuce cewa maigida ya shiryu.

Sai bayan an yi girbi ta gaji da wasan. Ina isowa na tarar ta sa an tone turken, an jingina a jikin rumbu, bunsuru kuma yana can ɗaure a ƙarfena yana harararmu. Ta ce in ɗauka kafin ta sake shawara. Na naɗe shi cikin buhu na ɗaure a bayan moto. A hanya wani jandarma ya tsayar da ni, ya taɓa buhun ya tambayi abin da ke ciki. Na ce turken akuya ne. Ya buɗe, warin bunsuru ya buge shi, ya rufe da sauri ya ce in wuce.

Maharbi ya juya bututun a hannunsa ya daɗe yana dubawa. Ya ce ƙirar waje ce, irin wadda fatake ke kawowa ta hamada, amma maƙeranmu sun yi mata gyara, ya nuna mini inda aka yi ɗorin. Ya kuma ce in jiƙa shi kafin in soka masa komai, don wasu akan binne su da ɗurinsu. Matata ta kwashe yara ta tafi maƙwabta. Abin da ya fito bayan duk wannan tsoro, yashi ne da gidan zanzaro.

Da rani kakata ta zo Mayahi a duba mata ido, ta sauka a wurinmu. Wata Asabar abokan aikina biyu suka zo ganin bindigar. Na fita sayo musu ƙanƙara da lemo, ina dawowa na same su a tsugune gabanta, bututun yana kan cinyarta. Tana ba su labarin yadda ita da kanta, tana sabuwar amarya, ta harbi kura da shi a bakin garke, kurar ta yi tsalle ta faɗa rijiya.

Na ce, “Amarya, bindigar nan ba ta da gindi ba ta da kunama tun kafin a haife ki.”

Ba ta ko dube ni ba. Ta ce wa baƙin, “Kishi ne. Shi ko kaza bai iya yankawa sai ya kira maƙwabci.”

Malamin tarihi a cikinsu ya ce in yi shiru in bar Inna ta ƙarasa.