Mai Guga da Ƙodarsa

Mun taɓa yin faɗa da Mai Guga a kan gawayi. Ni nake sayarwa a ƙofar gidana, shagonsa kuma yana kallon buhunana. Ya tsallako titi riƙe da farar riga mai ɗan rami a kafaɗa, wai gawayina ne ya yi tartsatsi ya ci kayan mutane. Na ce masa in sanyi yake so, ya zuba ƙanƙara a dutsen gugar. Ya ce bakina ya fi gawayin zafi. Na ce to ya sayi bakin. Bai ƙara kula ni ba sai da buhunsa ya ƙare, ya dawo yana sosa ƙeya: "Iya, a zaɓo mini mai nauyi."

Tun yana saurayi yake fama da ciwon nan na jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi. Likitoci suna da wani dogon suna da harshena bai iya ɗauka ba, 'yan unguwa kuwa suna da gajere, wanda ba zan maimaita ba. Ya yi shekaru a ɗakin baya na gidan yayansa, taga toshe da kwali, don ya ce ta nan ake kiransa. Da aka dace da magani muryoyin suka lafa, sai yayan ya ba shi shagon gaban gidan. Ban taɓa ganin mai fitar da karin wando irinsa ba. Waɗanda a da suke sauya hanya in sun hango shi, su ne suka dawo suna roƙon ya gama nasu kafin na wani.

Shagon rufin kwano ne, ba taga, ga garwashi wuni guda. Shi kuma ba ya yayyafi da hannu. Sai ya ɗaga kofi ya guntsi ruwa, kumatu su cika, ya fesa a kan tufa laushi-laushi kamar raɓa. Likita ya sha gaya musu maganin nan ba ya shiri da zafi da ƙishirwa, yayan yana amsawa da cewa ai ƙanensa ba shi da aiki sai shan ruwa, kofi ba ya barin bakinsa. Duk titin haka muka ɗauka. Ashe ruwan nan kaf na riguna ne. Shi ba ya haɗiya, don banɗaki yana can cikin gida, kuma ba ya yarda ya bar wuta kusa da kayan mutane.

Da zafi ya tsananta a wata shekara, na lura hannunsa ya yi nauyi, yana tura dutsen kamar mai tura mota. Washegari jiki ya sandare, ga zazzaɓi. Fitsari ya koma launin baƙin shayi, daga baya ya ɗauke ɗungum. A asibiti likita ya ce abin ba kasafai yake faruwa ba: maganin ya haɗu da zafi da rashin ruwa, naman jiki ya fara lalacewa, dattin ya je ya toshe ƙoda. Aka ɗora shi a injin wankin ƙoda. Na je dubiya na iske shi kwance, jininsa yana yawo a cikin robobi, amma abin da ya fara tambaya shi ne ko an mayar wa mutane kayansu.

Ƙodar ta farfaɗo, ba duka ba. Yayansa kuwa ya tsorata, kuma ban ga laifinsa a tsoron ba, shi ya yi jinyar. Sai dai tsoro ya yanke masa hukunci: ba sauran magani, ba sauran guga. Ya sa kwaɗo a shago, ya share ɗakin baya, har da sabuwar katifa. Ya ce gara ƙanensa yana surutai a raye.

Likita dai ba haka ya ce ba. Cewa ya yi akwai wani maganin da za a gwada sannu a hankali, ana duba jini, a bar aiki a shagon rufin kwano, a riƙa shan ruwa na gaske. Da aka yi masa maganar tabbas, ya ce ba shi da ita.

A gabana suka yi ta, a bakin shagon. Yayan ya tambaye shi ko so yake ya mutu. Mai Guga bai ɗaga murya ba.

"Yaya, kai ka ga injin, ni na ga ɗakin. Injin ya fi sauƙi."

Yayan ya juyo wai in sa baki, tunda ni babba ce. Na sa kuwa. Na ce masa katifa ba ta hana muryoyi magana, kuma ban ga ranar da ƙodar ta koma cikinsa ba da zai riƙa yi mata shawara. Ya ce ni da ma ciniki nake karewa. Na ce ciniki ya riga ya mutu, ƙanenka dutsen lantarki zai koma.

Mai Guga ya samu rumfa mai iska a can kusa da asibiti, da ɗan ɗaki a bayanta. Ya fara sabon maganin. Ran da zai tashi ya ɗora teburinsa a kura, yayan yana tsaye a ƙofa ya ƙi kallonsa. Mai Guga ya tsaya gaban buhunana, ya rage murya, ya ce muryoyin sun ɗan fara leƙowa kafin maganin ya kama, ya faɗa wa likita, amma yana jin tsoron kada yayansa ya zo ya mayar da shi.

Na ce, "Tura kurarka, ɗan nan. In muryoyin suka zo, ka ce musu kana da aiki. Yayanka kuwa ka bar mini shi, ta gabana zai wuce."