Ranar da Baba Ya Shanya Littattafai a Kan Kwano

Wata Laraba ce a tsakiyar bazara, ina da shekara goma sha ɗaya, Baba ya hau tsani ya shanya littattafai uku a kan kwanon shagonsa da ke Wunti. Ɗaya an manne bayansa da gam, ɗaya an soke tsakiyarsa da waya, na ukun kuwa ɗinkinsa ne, da zare da basilla. Alhajin da yake da maɗaba'ar da ke ba mu aiki ya ce zai daina kawo ɗinki, ya sayo injin gam. Baba ya roƙe shi ya zo da la'asar ya gani da idonsa.

Ni ce mai goga wa zare kakin zuma a shagon nan, ni ke ninke takardu ina danne su da bayan cokali. Ba a sa ni makaranta ba, kuma har gobe ban yafe wannan ba. Don kada in hargitsa shafuka, Baba yakan ɗiga tawada a bayan kowane ninki, idan na jera daidai sai ɗigon ya sauko kamar matakala. Haka littattafai suka yi ta wucewa ta hannuna ban san abin da suke faɗa ba. "Ja zaren, Ladi," yakan ce, "amma kada ki shaƙe shi, littafi ma yana son numfashi."

Da la'asar Alhaji ya iso. Baba ya sauko da su, zafi har ba sa taɓuwa. Ya buɗe na gam, ya ce ƙas, shafuka suka zubo a ƙasa. Na waya ya yage daga tsakiya. Nasa ya riƙe shi da shafi ɗaya ya girgiza, ko gezau. Na ɗauka mun ci.

Alhaji ya yi dariya. "Malam, ai ban musa ba. To amma kai kwana nawa kake yi a kan ɗari? Inji kafin azahar ya gama. Iyayen yara araha suke tambayata, babu wanda ya taɓa tambayata ƙarko."

Baba ya durƙusa yana tsince shafukan, ni kuma bakina cike da magana, amma yarinya ba ta tanka wa Alhaji. Aiki bai sake zuwa ba. Kafin damina ta kai ƙarshe mun koma noma a Zungur.

Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, Baba ya daɗe da rasuwa. Yanzu jikokina suna kawo mini littattafansu sun zube tun zangon farko, suna cewa, "Kaka, ɗinke mana." In zura zare, in juya littafin, in ga inji ya datse bayan gaba ɗaya, babu ninkin da basilla za ta bi. Sai dai in ɗaure musu da roba su tafi.

Na iya karatun yanzu, ɗinkin ne ba shi da wurin shiga.