Malam Garba da gem ɗin tarar ƙwai

Ɗazu na tarar da ɗana yana kallon wani mai sharhin gem a waya, mutumin sai ihu yake: "Wallahi abin nan bala'i ne!" Har na buɗe baki zan ce wannan ai ba sharhin ƙwararru ba ne, sai Malam Garba ya faɗo mini a rai.

Muna sakandare a Malumfashi, ƙarshen shekarun tamanin, kawuna ya dawo daga Hajji da tsarabar wani ɗan gem mai batir. Kaji na zubo ƙwai, kai kuma kana tarewa. Ni ke rubuta jaridar allo ta makaranta, na zauna na zuba sharhi yadda muke magana a hostal.

Malam Garba, mai kula da jaridar, ya karanta ya yamutsa fuska.

"Wannan maganar 'yan tasha ce. Kawo na'urar, zan nuna maka yadda masu ilimi ke rubutu."

Ya cire ni daga jarida, ya riƙe gem sati uku. Sharhinsa ya fito: "Wannan na'ura tana inganta natsuwar ɗalibi." Ko mutum biyu ba su tsaya karantawa ba.

Ran da na je karɓa, tun daga bakin ofis na jiyo shi: "Kai! Shegen ƙwai! Wallahi abin nan bala'i ne!"

Na yi sallama, ya gyara hula: "Bincike nake."

To jama'a, cikin sharhin Malam guda biyu, wanne ne na ƙwararre?