Karyar da Ta Riƙa Dawo Mini da Nama

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, wallahi tallahi, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Lokacin ina fawa a Talatar Mafara, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, ina ji da ƙarfi, ga zuciyata a kusa, abu kaɗan ke tunzura ni.

A bayan ganuwa akwai wani kango inda wani tsohon maharbi, Baba Nomau, yake tara karnukan da ba su da kowa, wanda mugun dawa ya farke wa ciki, wanda ƙazwa ta cinye, wanda aka karya wa ƙafa da jifa. Mutane dariya suke masa. Ni kuwa in kasuwa ta tashi sai in kai masa ƙashi da ragowar tumbi, in ɗebo ruwa, in daka bagaruwar da yake wanke musu miki, ba don ya ba ni komai ba. Amma fa ina da ƙyama, ban yarda yawun kare ya taɓa ni ba saboda salla. A kasko nake zuba musu, in tura da sanda.

To, sai aka yi wa Baba rasuwa a Damaga ta ƙasar Maradun, ya bar mini kangon. Bayan tafiyarsa na je Bakura sayen bijimi, a hanyar dawowa kusa da Damri na ga wata jar karya kwance kan sabon kabari, duk haƙarƙarinta a waje. Manoman wurin suka ce ubangidanta maharbi ne, maciji ya sare shi, tun da aka rufe shi ba ta ɗaga ba. Na ɗaura mata igiya, na jawo ta har kangon.

Na zaɓo mata tsoka mai kyau, wadda ko ni ban ci irinta ranar ba, na sa a kasko na tura. Ta shinshina, ta ɗauka a hankali, ta tako ta ajiye a kan ƙafata, ta zauna tana kallona. Kai! Raina ya ɓaci. Na ce lallai ma, karya da yanga? Na shure naman, sauran karnuka suka yi wawa. Washegari haka, jibi haka, ruwa kawai take sha. Da ta kasa tafiya, da jan ciki take kawowa, ni kuwa ina ce mata in ba ki ci ba ke kika sani.

Rana ta tara Baba ya dawo bayan azahar, ya iske ta tana jan cikin nan da tumbi a baki. Ya yar da sandarsa.

"Ɗana, mi ka yi haka? Wagga karyar mahalbi ta! Haka munka hore su, abin da ta iske ƙasa ba nata na ba, sai ta kawo ma ubangida, don in ta ci naman ya haramta garemu. Sai ya yanka ya jehwa mata da hannunai, sannan ta ci."

Na ce, "Baba, na zaci raina ni take yi."

Ya ce, "Raini? Kai ta ɗauka ubangida."

Na durƙusa, na zaro wuƙa na yanka tumbin, na kai har bakinta, ƙyamar duk ta tafi. Ko kallona ba ta yi ba. Kanta ta ɗaga wajen wata ɓarakar katanga, karnukan nan kusan ashirin suka yi tsit, sai muka ji fito irin na maharbi mai kiran karensa, gajere, sau biyu, kusa da mu ƙwarai, alhali ido na ganin ido kuma babu kowa a wurin sai mu biyu. Karyar da ba ta iya tsayuwa ta miƙe tana kaɗa wutsiya, ta ɗan yi tsalle ta cafe wani abu a iska, muna jin haƙoranta suka haɗu, ta tauna sau biyu, ta kwanta. Shi ke nan, rai ya yi halinsa.

Baba ya buɗe bakinta. Hanta ce, yankan wuƙa, da ɗuminta, jini na tsattsafowa. Ni mahauci ne ɗan mahauci, na san hantar saniya, na san ta akuya, wannan ta barewa ce, kuma ranar tumbi kaɗai na shigo da shi. Na dubi Baba, ya ce, "Kak ka tambaye ni," ya tafi ɗauko fartanya.

Ban san wanda ya ciyar da ita ba, kuma ba na son in sani, tsigar jikina tashi take in na ji an yi fito a bayana. Abin da ke cin raina shi ne nawa laifin. Don Allah, in dabba ta yi muku abin da ba ku gane ba, ku tambayi wanda ya santa kafin ku yi fushi. Kwana tara baiwar Allahn nan tana roƙona in ba ta da hannuna, ni kuwa da ƙafa nake ba ta amsa.