Ungulayen Mahautar Garwa

Duk wanda ya ci nama a unguwar Roumdé Adjia ta Garwa a zamanin Shugaba Ahidjo ya san Lukmanu mahauci. Dogo ne, mai ƙarancin magana, wuƙarsa ba ta kwana da jini. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yana cikin mutum biyar da suka kafa Ƙungiyar Abokan Tsuntsayen Binuwai a shekarar 1969.

Yadda ya shiga kuwa abin dariya ne. Wata Lahadi wani malamin lise, wato sakandare, Misye Alphonse, ya tsaya a bayan mahauta da madubin hangen nesa, yana ƙirga ungulaye yana rubutawa.

"Talatin da biyu," in ji shi.

Lukmanu na wasa wuƙa, ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Arba'in da ɗaya ne, Misye. Tara suna kan kukar can, sai an zubar da tumbi suke saukowa."

Alphonse ya jira aka zubar, ya sake ƙirgawa, ya tarar haka ne. Bai bar wurin ba sai da Lukmanu ya yi alkawarin zuwa taronsu na farko. A farfajiyar gidan Madam Véronique, ma'aikaciyar asibiti, suke haɗuwa, ita ce kuma mai riƙe da babban littafin ƙungiya. Sauran suna zuwa da labarin gauraka da shamuwa daga bakin kogi, cikin Faransanci. Shi Lukmanu ungulu ce rabonsa. Kullum da hantsi ya ƙirga, ya rubuta da ajami a takardar siminti, ranar Lahadi ya karanta musu.

A 1974, shekarar da aka yi fari, karnukan da ba su da masu suka addabi mahauta. Har suka yaga wa ƙaramar 'yarsa Hansai ƙauri. Ran Lukmanu ya ɓaci. Ya samo maganin ƙwarin auduga, ya shafe cikin wata matacciyar saniya da likitan dabbobi ya hana sayarwa, ya ja ta bayan katanga da la'asar. Niyyarsa ya binne ta da sassafe kafin tsuntsaye su tashi. Sai ga shanu sun iso daga Touboro, ciniki ya riƙe shi har rana ta take.

Sai a lokacin ya zagaya bayan katangar. Ungulaye ne zube ko'ina, wasu sun sandare, wasu suna jan fiffike a ƙasa. Talatin da takwas. Kare ko ɗaya babu a cikinsu.

Alphonse ya zo ya gani, ya yi kuka a gaban mahauta. Ya tambaya ko aikin wa ne kawar da mushe, aka ce masa Baba Usmanu, wani dattijo mai shara. Daga nan ya rubuta wa hukumar gari doguwar wasiƙa, ya kira tsohon mugu. Cikin mako ɗaya aka sallami Usmanu, ya tattara ya koma ƙauyensu wajen Bibémi. Lukmanu na tsaye lokacin da ya wuce da ƙunshin kayansa a ka. Yana kallo ya bar shi ya tafi.

Wannan wasiƙa ce ta ɗaga ƙungiyar. Aka karanta ta a makarantu, membobi suka haura hamsin, aka fara buga 'yar mujalla sau biyu a shekara. Aka naɗa Lukmanu mataimakin shugaba, wai shi ya fi kowa asara. Ranar da aka tafa masa, ko tuwon dare bai taɓa ba. Matarsa Dela ta sha tambayarsa abin da ke cinsa, ya ce gajiya ce.

Shekara biyar ya yi a haka. A 1979 aka yi wa Alphonse canjin aiki zuwa kudu. Bayan tafiyarsa da wata biyu, Lukmanu ya hau motar Bibémi. Ya sami Usmanu a inuwar rumfa yana tufka igiya, idonsa ɗaya ya tafi. Suka gaisa da Fulatanci, sannan Lukmanu ya durƙusa.

"Baba, ni na sa maganin."

Usmanu bai daina tufka ba. "Ai na sani. Ni na ara maka igiyar da ka ja saniyar, ka manta?"

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ɗauka kai za ka faɗa. Kwana bakwai ina jiranka." Ya ƙara da cewa, "Aikin na yafe maka, da ma ƙarfina ya ƙare. Amma mai madubin nan ya kira ni mugu a takarda, jikokina kuma suna lakwal, sun iya karatu. Wannan ba ni zan goge shi ba."

Lahadin da ta biyo baya Lukmanu ya miƙe a tsakiyar taro ya faɗi komai, da Hausa, Véronique na fassarawa. Wasu suka tashi suka fita. Ya ajiye muƙaminsa, ba wanda ya ce ya riƙe. Véronique ta buɗe littafi, ta rubuta gaskiyar a gefen shafin 1974, aka kuma buga ta a mujalla ta gaba, da cikakken sunan Usmanu. Lukmanu da kansa ya kai masa guda.

Saura Alphonse. Véronique ta aika masa wasiƙa har biyu tana sanar da shi gaskiyar abin da ya faru. Lukmanu ya ci gaba da zuwa taro, yana zama a benci na baya. Duk Lahadi kafin a watse sai ya matso kusa da ita ya ce, "Madam, Misye ya amsa?" Ita kuma ta girgiza kai. Har ƙungiyar ta lafa a farkon shekarun tamanin, amsa ba ta zo ba.