Irmiya Dogo Ya Koma Kan Keke

Irmiya Dogo mai injin markaɗe ne a Sabon Garin Gusau. Rumfarsa ta kwano tana bakin wani lungu kusa da masu sayar da itace, kuma tun da sassafe ake jin ƙugin injinsa har cikin unguwa. Dogo ne kamar yadda ake kiransa, siriri, da furfura a gemu. Ba shi da yawan magana, don shekarun da ya yi a gindin inji sun saba masa da yin ciniki da hannu da ka.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Tsafe. Mahaifinsa manomi ne, yana cikin 'yan gidajen da ke bin addinin Kirista a wannan yanki, kuma a wurinsa Irmiya ya koyi karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa. Da ya zama saurayi sai ya taho Gusau, ya sami aiki a masaƙa. Abin da ya fara saya da guminsa shi ne keke, baƙi, mai kariyar ɗora kaya a baya. A kansa ya yi zaryar neman auren Maryamu, a kansa ya yi ta ɗauko buhun gero daga gida duk kaka. Da masaƙa ta tsaya aka sallami ma'aikata, sai ya haɗa ɗan abin da ya samu ya sayi injin markaɗe. Injin ya ciyar da gidan, ya sa yara a makaranta, har wata shekara ya ba shi babur na hannu. Ranar da babur ya shigo gida, Irmiya ya rataye keken a bayan ɗaki, ya ce masa ya huta, ya gama nasa.

Babur ɗin ne ya jawo masa aikin Lahadi. Can bayan Bungudu akwai wata 'yar unguwar manoma, Gidan Barau, inda gidaje kaɗan na Kirista suke zaune cikin maƙwabtansu Musulmi tun zamanin kakanni. Suna da ƙaramar majami'a ta ƙasa, amma mai bisharar da ke kula da su ya kwashe iyalinsa ya tafi tun da hanyoyi suka fara ban tsoro. Dattawan ikilisiyar su Irmiya ta Gusau suka duba, suka ga yana da abin hawa, yana da murya, ga shi ba mai gardama ba. Suka roƙe shi ya riƙa zuwa yana bi da sujada kafin a sami wanda za a tura. Shi ba fasto ba ne, bai taɓa shiga makarantar wa'azi ba, amma ya amsa. Ba albashi a ciki, sai ɗan kuɗin mai. Aka yi shekaru ba a sami wanda za a tura ba.

Sai ga shekarar da aka janye tallafin fetur. Kafin mutane su gama mamaki, kuɗin mai ya ninka, ya sake ninkawa. Abin ya sami Irmiya ta fuska biyu, domin injinsa fetur yake sha, babur ma haka. Ya ƙara kuɗin markaɗe, mata suka yi ta mita, wasu suka koma ga turmi da dutsen niƙa. Masu ƙosai da ke kawo wake cike da bokiti suka koma kawo rabi. Kuɗin man da ikilisiya ke ba shi kuwa, da can yakan kai shi ya dawo da shi, yanzu ko Bungudu ba ya kai shi.

Maryamu ce ta fara faɗin gaskiyar da shi yake kauce wa. Wata Asabar da yamma ta tarar da shi yana tsiyaye man inji yana zuba wa babur. Ta tsaya tana kallonsa har ya gama, sannan ta ce, "Malam, baki biyu ne ke shan man nan. Ɗaya shina ci da mu, ɗaya mu muke ci da shi. Sai ka zaɓa."

Da Litinin ta zo, ya sauko da keken daga bayan ɗaki, ya kakkaɓe yanar gizo, ya tura shi wurin Sabiru mai gyaran keke a bakin kasuwa. Sabiru ya yi dariya, ya ce kwanan nan tsofaffin kekuna sai fitowa suke kamar gara bayan ruwan fari. Ya sa masa sabuwar sarƙa da tayoyi, ya ɗaure sirdin da roba, ya ce ƙarfen kam na da ne, zai kai shi ko'ina in ƙafa za ta iya.

Ƙafar ce kuwa ba irin ta da ba. Irmiya ya ba hamsin baya da daɗewa. Tafiyar da yakan yi a babur kafin shayinsa ya gama sauka, yanzu sai ya fita gari bai gama wayewa ba, Littafi Mai Tsarki da littafin waƙa a cikin leda a kan kariya, rigarsa ta sujada a naɗe don kada gumi ya ɓata ta. Manyan motocin hanyar Sakkwato sukan ture shi gefen kwalta da iskarsu. A shingayen jami'an tsaro ya sauka ya gaisa, ya sake hawa. In ya wuce Bungudu ya bar kwalta, sai hanyar burji mai yashi, inda yakan yi ta waige-waige in ya ji ƙarar babura daga nesa. Ya isa, ya wanke fuska a randar ƙofar majami'a, ya sa riga, ya shiga ya ta da waƙa. Bayan an tashi ya sake kamo hanya cikin tsakar rana. Ranar Litinin sai ya wuni a tsaye gaban inji, gwiwoyinsa suna zafi kamar an zuba musu barkono.

A Gusau wasu suka yi ta yi masa ba'a, wai Dogo ya koma saurayi. Wasu kuma suka yaba masa a gaban jama'a, suna cewa ga mai himma. Shi dai duka biyun ba su rage masa nisan hanya ba.

Wata Lahadi cikin damina aka kwana ana ruwa. Hanyar burjin ta zama taɓo, ya yi ta tura keken, laka tana cushewa a tayoyi yana tsayawa yana ƙwaƙule ta da kara. Ya isa a makare, mutane na zaune suna jiransa. Ya yi karatu, ya yi wa'azi gajere, aka karɓi baiko, wato sadakar majami'a, wanda yawancinsa a lokacin ƙwai ne da 'yan kwanonin dawa. Sannan ya ce kowa ya sunkuya ya yi addu'a a zuciyarsa, shi zai rufe. Ya durƙusa, ya ɗora goshinsa a kan benci.

Mutane suka gama addu'arsu suka jira amin. Shiru. Suka ƙara jira, suna zaton Malam ya yi nisa da Ubangiji. Can sai aka ji numfashinsa yana fita a hankali, irin na wanda barci ya yi gaba da shi. Yara suka fara ƙunshe dariya. Baba Ɗankane, dattijon da ya fi kowa shekaru a wurin, ya ɗaga sandarsa ya zare musu ido. Ya yi wa matan alama, suka rera waƙar rufewa ƙasa-ƙasa, shi kuma ya sa albarka, kowa ya fita a kan yatsun ƙafa.

Da Irmiya ya farka, rana ta karkata, hasken taga ya koma ɗaya bangon. Ba kowa sai Baba Ɗankane zaune a bakin ƙofa, da kwanon tuwo a rufe kusa da shi. Kunya ta rufe Irmiya har ya rasa inda zai sa ido. Ya fara ba da haƙuri, yana cewa ya yi abin da bai kamata ba a ɗakin Ubangiji.

"A gidan ubanka ka yi barci, mi ne na kunya?" in ji tsohon. "Wanke hannu ka ci. Amma wanga abu ba ya ɗorewa. Ka riƙa zuwa tun Asabar, ka kwana ɗakina, ka tashi da ƙarfinka."

Shawarar ta yi daidai da jikinsa, ba ta yi daidai da aljihunsa ba. Asabar ce ranar ciniki, ranar da masu biki ke kawo kayan miya da gero a manyan robobi. Da ya gaya wa Maryamu, sai ta tambaye shi ko duk ikilisiyar babu wani mai ƙafa sai shi.

Ya je ya sami dattawa ya faɗa musu halin da yake ciki. Suka saurare shi da tausayi. Amma su ma janaretan majami'a ya daɗe a kashe, an koma ganga da tafi, motar fasto tana ajiye ƙarƙashin darbejiya, baiko ya ragu, masu neman taimako sun ƙaru. Aka yi sanarwa ana neman wanda zai riƙa karɓarsa, ko sau ɗaya a wata. Samari suka sunkuyar da kai, kuma bai ga laifinsu ba, don kowa ya san labarin hanya. Aka yi masa addu'a, aka ce ya ƙara haƙuri.

Ƙarshenta Maryamu ce ta karɓi injin ranar Asabar. Ta koyi jan igiyar ta da inji, ta koyi ɗaure bel ɗinsa, kafaɗarta ta dama ta fara ciwon da har yau bai bar ta ba. Babur kuwa ya yi watanni a zaure yana tara ƙura, kaji suna kwana a kansa. Da lokacin biyan kuɗin makarantar ɗiyarsu Rahila ya zo, wadda ke koyon aikin lafiya a Tsafe, Irmiya ya kira maƙwabcinsa Usman mai kabu-kabu, mai haya da babur, suka yi cinikin babur ɗin. Sa'ad da Usman ya zo ɗauka, Irmiya ya shige rumfa ya ta da inji, ko da yake ba wanda ya kawo markaɗe.

Yanzu yakan bar Gusau ranar Asabar bayan azahar. A Bungudu yana tsayawa wurin wani mai shayi ya miƙe ƙafa, mutanen wurin sun san shi, sukan matsa masa a benci su tambaye shi gajiya. Wani tudu da ke bayan garin ya daina gwada hawansa a kan sirdi, sauka yake ya tura. Gidan Barau ta ƙara raguwa, gida biyu sun tashi sun koma birni bayan an kwashe musu shanu. Waɗanda suka rage ba su cika benci huɗu ba. Baba Ɗankane ma ido ya fara gaza masa, sai an riƙe masa hannu zuwa majami'a.

Rahila ta zo hutu, ta duba gwiwar mahaifinta da ta kumbura, ta ce lallai ya rage hawan keke. Ya ce ya ji. Da dare ya yi, Maryamu ta sake ta da maganar, ta tambaye shi har yaushe za a yi ta wannan tafiya. Ya ce ta bari a ga kaka, wataƙila a sami wanda za a tura. Ta dube shi, ta ce bara ma haka ya ce. Ya yarda haka ne. Sannan ya roƙe ta ta ɗora masa ruwan zafi, ya gasa ƙafar kafin a ci tuwo.